Zuciyar Jariri: Kariya Daga Ɗakin Haihuwa Take Farawa

Akwai wata irin mutuwa da muka saba da ita a garuruwanmu har ta kai ba a tambayar dalilinta. Mace ta sauka lafiya, jariri ya yi kuka, ya kama nono, an yi barka, maigida ya shiga neman ragon suna, sai a rana ta uku ko ta huɗu a ga yaro ya saki nono, numfashinsa ya koma sama-sama, jikinsa ya yi sanyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce baki ne, in kuwa uwar ta taɓa rasa wani a baya sai a ce wabi take yi. Daga Tsarnawa zuwa Dogarawa, daga Bazaga zuwa Badagishiri da Tajaye, da wuya a samu unguwar da ba ta san irin wannan labari ba. Alhali kuwa wani kaso na waɗannan jarirai da nakasa a zuciya aka haife su, kuma nakasa ce wadda a yau likitoci suka san yadda ake gyara ta.

Abin da muke so mu jawo hankali a kansa shi ne, gyaran yana da sharaɗi. Likitan fiɗa yana da dabarun kare naman zuciyar jariri na awa ɗaya ko biyu da zai yi yana aiki a kanta, amma halin da zuciyar za ta isa hannunsa a ciki, mu ne nan Ƙonni da Malbaza da Illela muke yanke shi, tun daga daren haihuwa.

Bari mu fara da lissafi, don kada wani ya ɗauka magana ce ta yaro ɗaya ko biyu. Masana kiwon lafiya a duniya sun tabbatar cewa cikin kowane jarirai 1,000 da ake haifa, 8 zuwa 9 suna zuwa da wata nakasa a zuciya, babu bambanci tsakanin ɗan Bature da ɗan Bahaushe. Da yawansu nakasar ƙarama ce, wata ma tana toshewa da kanta, amma kimanin ɗaya cikin huɗu tasu mai tsanani ce, wadda sai an yi aiki cikin shekarar farko, wani lokaci ma cikin makon farko. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta bai wa gundumomin nan uku mutum sama da dubu 880, kuma yau mun haura haka nesa ba kusa ba. Ko da a kan wancan tsohon adadi muka tsaya, muka ce kowane mutum 1,000 ana samun haihuwa 45 a cikinsu a shekara, to jarirai wajen dubu 40 ke nan. Ke nan duk shekara sama da 300 suna zuwa da ciwon zuciya na haihuwa, kuma wajen 80 daga ciki rayuwarsu tana rataye da a gane ciwon da wuri. Abin tambaya a nan shi ne, cikin waɗannan 80 ɗin, nawa ne aka taɓa faɗa wa iyayensu sunan abin da ke damun ɗansu?

Domin mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa muke cewa lokaci shi ne komai, ya kamata ya san abin da ke faruwa a ɗakin tiyata. Zuciyar jariri ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, tana da ɗakuna huɗu, tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya. Dukkan jinin jikin jariri mai kilo 3 bai wuce rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a tasha ba. Jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciyar kuwa kaurinsu kamar na tsinken tsintsiya ne. Babu mai iya ɗinki a kan abu ƙarami haka yana motsi kuma yana cike da jini, saboda haka dole sai an tsayar da zuciyar cak. Ana haɗa jaririn da wani inji da ke karɓar aikin zuciya da huhu, ya ja jini, ya sa masa iskar oksijin, ya mayar da shi jiki. Wani likita a Amurka mai suna John Gibbon shi ne ya fara cin nasarar aiki da irin wannan inji a birnin Filadelfiya, ranar 6 ga Mayun 1953. Bayan an haɗa injin sai a matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, kuma daga wannan lokaci kowace gaɓa ta jiki tana samun jini, in ban da ita zuciyar kanta.

To a nan gizo ke saƙa. Naman da aka yanke wa jini mutuwa yake yi. Sai masana suka shiga neman hanyar da za a sa zuciya ta yi barci mai nauyi, yadda buƙatarta ta abinci da iska za ta ragu ƙwarai har a gama aiki. A 1955 wani likita a Landan, Denis Melrose, ya nuna cewa sinadarin fotasiyom, irin wanda ke cikin ayaba da ruwan toka, yana tsayar da bugun zuciya nan take idan aka zuba shi da yawa cikin jijiyoyinta. Haɗinsa ya yi ƙarfi har yana ƙona naman, aka yi watsi da shi na wasu shekaru. A cikin shekarun 1970 aka dawo kansa da awo mafi sauƙi, aka haɗa shi da sanyi, inda asibitin Saint Thomas na Landan ya fito da nasa haɗin, wani masani a Jamus mai suna Bretschneider shi ma ya fito da nasa. Wannan ruwa shi likitoci ke kira kardiyoplejiya, wato ruwan sumar da zuciya. Tsayar da bugu kaɗai yana rage buƙatar zuciya ta iskar oksijin da wajen kashi 90 cikin 100, sanyi kuma ya ƙara rage abin da ya saura.

Sai dai duk waɗannan an tsara su ne da zuciyar babba a rai, ita kuwa zuciyar jariri halittarta ba ta gama nuna ba. Ƙwayoyin namanta ba su iya ajiye sinadarin kalsiyom da sarrafa shi yadda na babba ke yi, alhali da shi nama ke takurewa ya saki. Idan aka gama aiki aka saki jini ya dawo, kalsiyom yakan kwararo cikin ƙwayoyin fiye da kima ya ji musu rauni. Saboda haka ne a shekarun 1990 wani likitan zuciyar yara, Pedro del Nido, tare da abokan aikinsa a jami'ar Pittsburgh, suka haɗa ruwa na musamman domin yara: kashi ɗaya jinin yaron, kashi huɗu ruwan magani, da ƙarancin kalsiyom, da ƙarin wasu sinadarai biyu, maganeziyom da lidokayin, masu tare masa ƙofa. Jariri mai kilo 3 ana ba shi wajen mililita 60, wato cikin ƙaramin kofin shayi, kuma zubi ɗaya yana riƙe zuciya har kusan minti 90. Har gobe likitoci suna muhawara kan wane haɗi ya fi, amma babu saɓani a kan cewa kowane minti da zuciya ta yi babu jini bashi ne da za ta biya daga baya. Ko a manyan asibitocin duniya, bincike ya nuna cewa bayan manyan ayyuka irin na jarirai, kimanin ɗaya cikin huɗu ƙarfin zuciyarsu yakan faɗi sosai a daren farko, sai an tallafe su da magunguna da injin numfashi.

Idan haka lamarin yake ga jaririn da aka kai da ƙarfinsa, ina ga wanda ya kwashe makonni jininsa babu isasshiyar iska, ya rame, ya sha fama da ciwon haƙarƙari, zuciyarsa ta kumbura saboda wahala? Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan zuciya ba ta jure tsayawa kamar wadda ba ta jigata ba. Manoman Galmi sun fi kowa sanin wannan magana: albasar da ta ji ciwo tun a gona, ko wane irin rudu aka gina mata ba za ta kai lokacin tsada ba. Ruwan del Nido yana adana ƙarfin da zuciya ta zo da shi ne, ba ya dawo da wanda ya riga ya tafi.

Ga misalai uku da za su nuna yadda kwanaki ke gudu. Jariri a cikin ciki ba ya numfashi da huhunsa, don haka akwai wata ƴar jijiya da ke haɗa manyan jijiyoyinsa biyu, wadda takan rufe da kanta cikin kwanakin farko bayan haihuwa. Akwai jariran da nakasarsu ta sa da wannan ƴar jijiya kaɗai suke rayuwa. Ranar farko lafiya lau ake ganinsu, tana rufewa sai su faɗi, kuma wannan yana cikin dalilan mutuwar kafin suna da muka ambata. Akwai maganin da ake ɗurawa ta jijiya, furostagilandin, mai riƙe ta a buɗe har a kai ga likita. Misali na biyu shi ne jaririn da manyan jijiyoyinsa biyu suka yi musayar wuri. Idan ba a yi komai ba, wajen rabin irinsu ba sa wuce wata ɗaya, 9 cikin 10 kuma ba sa cika shekara. Wani likita ɗan ƙasar Birazil, Adib Jatene, ya fara mayar da jijiyoyin mazauninsu a 1975, kuma a yau a ƙwararrun asibitoci sama da 95 cikin 100 suna tashi. Amma aikin ya fi kyau cikin makonni biyu zuwa uku na farko, domin bayan haka ɓangaren hagu na zuciyar yakan yi laushi ya kasa ɗaukar nauyin jiki. Na uku shi ne wanda aka fi sani, wato huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Wannan yana ba da ɗan lokaci, watanni ko ƴan shekaru, amma idan hudar babba ce aka bar ta, jijiyoyin huhu sukan taurare har a kai matsayin da likita zai ce aiki ba zai yiwu ba kuma. Babu abin da ya kai ciwo kamar iyaye su sayar da gona da bisashe, su isa inda ake aikin, a ce musu da sun zo bara.

Yanzu mu dubi inda muke. Daga Ƙonni zuwa Tawa, inda babban asibitin jaha da cibiyar kula da uwa da yaro suke, tafiyar wajen kilomita 130 ce. Zuwa Yamai, inda babban asibitin da aka buɗe a 2016 yake, kuma inda mafi yawan ƙwararrun likitocinmu suke zaune, sama da kilomita 400. Asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, haka ma asibitocin gundumominmu, amma fiɗar zuciyar jariri ba aikin asibiti irin nasu ba ne, kuma babu mai hankalin da zai zarge su a kan haka. Sakkwato ta fi mana kusa, ƙasa da kilomita 100, kuma jama'armu sun daɗe suna zuwa asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai dai rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 har zuwa watan Maris na 2024 ya koya mana cewa lafiyar ƴaƴanmu ba za ta dogara da ƙofar da siyasa ke iya rufewa cikin dare ɗaya ba.

Saboda haka ba mu ce a gina mana ɗakin fiɗar zuciya a Ƙonni ba. Wanda ya nemi haka a yau ya yi kwaɗayin abin da ba shi da hannun ɗauka. Abubuwan da muke nema ƙanana ne, kuma duk suna cikin ikonmu.

Na farko, a sa ƴar na'urar awon iskar jini, wadda ake kira oksimeta, a kowane ɗakin haihuwa na gundumomin nan uku, mai inganci kuma mai maɗaurin da ya dace da jariri. Ana ɗaura ta a hannun dama da ƙafa ɗaya bayan jariri ya cika awa 24, cikin ƴan mintoci ta ba da lamba. Daga 95 zuwa sama alama ce mai kyau, ƙasa da 90 kuwa magana ce ta gaggawa, abin da ke tsakani sai a sake awo. Amurka ta shigar da wannan awo cikin jerin gwajin jarirai tun 2011. Mu mun fi su buƙatarsa, domin littattafan likitanci suna cewa jariri mai wannan ciwo yakan koma shuɗi, a fatarmu kuwa ido ba ya ganin shuɗin da sauƙi, balle a ɗakin da fitilarsa ba ta da haske, balle ga yaron da jininsa ya yi ƙaranci. Kuɗin na'urar bai kai na babur ɗin kabu-kabu ɗaya ba. Ba ta kama kowace nakasa, don haka dole a haɗa da sauraren ƙirji da taɓa bugun jini a matsematsin jariri, amma tana kama mafi yawan masu kisa da wuri.

Na biyu, a daina gaggawar komawa gida. Mun san mai jego tana son ɗakinta da ruwan wankanta, kuma mun san gadaje ba su da yawa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar uwa da jariri su yi awa 24 a asibiti bayan haihuwa, a sake duba su a rana ta uku, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. In aka lura, kusan daidai yake da al'adarmu: kafin suna, bayan suna, da cikar arba'in. Wadda ta haihu a gida ma, a kai jaririn awo washegari. Tun 2006 aka shelanta kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a ƙasar nan, kuma a 2024 gwamnati ta mayar da haihuwa kyauta a asibitocinta, ta rage kuɗin magani da rabi. Abin da ya rage shi ne magabata su tabbatar abin da aka rubuta a takarda shi talaka yake tararwa a bakin ƙofa.

Na uku, hoton zuciya. Na'urar eko ita ce ke nuna takamaiman inda nakasar take, kuma yanzu akwai ƙanana da ake ɗauka a jaka. Muna roƙon ma'aikatar kiwon lafiya ta tsara zagaye na likitan zuciyar yara, ko da sau ɗaya a wata uku, ya sauka Ƙonni, ya sauka Illela, ya sauka Malbaza, a sanar da ranar a rediyo tun da wuri. Sannan a horar da likita ɗaya a kowace gunduma ya iya ɗaukar hoton farko ya tura Yamai ta wayar salula a duba masa. Ɗan kasuwar Ƙonni yana ganin kayansa a Dubai ta waya kafin ya biya, babu dalilin da zai hana hoton zuciyar jariri yin irin wannan tafiya.

Na huɗu, hanya. Sanyin da ke kare zuciya a ɗakin tiyata, wanda ake aunawa digiri bayan digiri, shi ne ke kashe jariri a bayan babur cikin hunturu. Jariri mara lafiya yana buƙatar ɗumi, da nono ko ruwan sukari ta jijiya, da ma'aikacin lafiya a gefensa. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare. Motar asibiti kuwa ta kasance da mai a cikinta da tulun iska mai aiki, kada a tsaya ana cinikin kuɗin mai da uba alhali yaro yana shure-shure. Kuma ya dace a ajiye furostagilandin aƙalla a Tawa da Yamai.

Na biyar, a fayyace wa talaka hanyar da zai bi bayan an gano ciwon. Akwai ƙungiyoyin agaji na Faransa biyu da suka daɗe a wannan fage, La Chaîne de l'Espoir da aka kafa a 1994, da Mécénat Chirurgie Cardiaque da likita Francine Leca ta kafa a 1996, waɗanda suka yi wa yaran Afirka da dama aiki. Amma agaji ba ya zama tsarin ƙasa. Maƙwabtanmu sun nuna abin yana yiwuwa a gida: an yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya a Inugu tun 1974, Dakar ta buɗe cibiyar zuciyar yara a 2017, Bamako ta fara a 2018, Wagadugu ta bi baya a 2021. Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun haɗu cikin ƙawance ɗaya tun 2023, to a sa zuciyar yara cikin abin da ake tattaunawa, a yi musayar likitoci da marasa lafiya. Kowace ƙasa da yara masu ɗan girma take farawa kafin ta kai ga jarirai, kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne: sai da likitan fiɗa, da mai sa barci, da mai riƙe injin zuciya da huhu, da ma'aikatan jinya masu kwana a kan yaro, da jini mai tsabta, da wutar da ba ta ɗaukewa. Horar da irin wannan ayari yana cin shekaru goma, wanda ke nufin yau ya kamata a tura ɗalibai daga makarantun likitanci na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Haka kuma cikin kuɗin da ake warewa don fitar da marasa lafiya waje, a keɓe kason yara, a kuma riƙa bayyana wa jama'a yara nawa aka tura duk shekara da jahohin da suka fito, don ɗan manomin Tajaye ya san shi ma yana da rabo.

Mun san akwai masu cewa, kuma cikinsu har da ma'aikatan lafiya masu kishi, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa ke kwashe yara dubbai ba ta da hurumin maganar fiɗar zuciya, tunda kuɗin aikin yaro ɗaya zai sayi gidajen sauro ɗaruruwa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a ɗebi ko dala ɗaya daga kuɗin rigakafi ba. Amma su dubi jerin da muka kawo. Na'urar da ke gano jariri mai ciwon zuciya ita ce dai ke gano mai ciwon huhu da mai ƙwayar cuta a jini, waɗanda suka fi yawa kuma ana iya warkar da su a asibitin gunduma. Motar asibiti mai iska ita ce dai za ta ɗauki mace mai doguwar naƙuda. Awon rana ta uku shi ne ke kama shawara da ciwon cibi. Babu ɗaya cikin huɗun farko da zai amfani masu ciwon zuciya su kaɗai. Bayan haka, yaron da ba a gane ciwonsa ba yana cin kuɗi shi ma: yau a kwantar da shi a ce ciwon haƙarƙari ne, gobe a sa shi layin masu tamowa, jibi a sake sayen allurai, har gida ya tsiyace ba tare da an taɓa tushen ciwon ba. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, wajen 9 cikin 10 na waɗannan yara suna girma, su yi aure, su haifi nasu.

Iyaye mata, ga abin da za ku sa wa ido. Jaririn da ke kama nono ya saki yana haki, ya yi ta zufa a goshi yayin shan nono, wanda numfashinsa ya wuce sau 60 a minti yana kwance shiru, wanda haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki, wanda ba ya ƙara nauyi duk da nono yana zuwa, ko wanda tari da ciwon ƙirji ba sa barinsa. Ku buɗe bakinsa a cikin haske ku dubi harshe da dasashi da cikin leɓe: idan sun yi duhu ko toka-toka maimakon ja, kada a jira gari ya waye. Yaron da ya fara tafiya kuma, idan yana wasa sai ya tsuguna don ya huta, wannan ma alama ce. In ya shiɗe, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, a rarrashe shi, a nufi asibiti. Iyaye maza, izini da kuɗin mota a hannunku suke, kada mace ta kwana tana jiran ku dawo daga kasuwa. Ku bar sallahu cewa in yaro ya rikice a wuce da shi kawai.

Akwai kuma abin da ake iya yi tun kafin haihuwa, ko da yake mafi yawan nakasar zuciya ba laifin kowa ba ne, kuma bai dace a ɗora wa uwa ba. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana ƙara haɗarin, haka cutar rubela mai kama da ƙyanda idan ta kama mace a watannin farko na ciki, kuma tana da allurar rigakafi. Wasu magunguna, musamman wasu na farfaɗiya, suna taɓa halittar ɗan tayi, don haka mai ciki ta guji ƙwayoyin ƴan talla, wadda kuma take kan maganin likita kada ta daina da kanta, ta je ta yi shawara. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awon ciki a sha su. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna auren zumunci na kusa yana ɗan ƙara yawan irin wannan nakasa, don haka gidan da aka taɓa samu, su faɗa wa likita a ciki na gaba. Jariran da aka haifa da lalurar da ake kira Down kuwa, wajen rabinsu suna da ciwon zuciya, ya kamata a yi wa kowannensu hoto.

Ga wanzamanmu da unguwarzoma, muna ganin girmanku, kuma ku ne kuke fara ganin jariri kafin likita. Muna roƙonku, jaririn da ke haki ko ya kasa shan nono kada a ce hakin wuya ne a sa masa aska, domin ɗan jinin da zai zuba yana iya zama shi ne abin da yake riƙe da shi. Ku zama masu cewa a tafi asibiti, maganarku ta fi tamu shiga kunne. Malamanmu kuma su ci gaba da tunatar da jama'a abin da suka sha koya mana, cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Attajiran Ƙonni, da dillalan albasa, da masana'antar siminti ta Malbaza, da ƴan uwanmu mazauna Legas da Abijan da Kwatano, ku kuke da ikon sayen waɗannan na'urori cikin mako guda, da kafa asusun mota da masauki don iyayen da aka tura Yamai, a ƙarƙashin idon sarakuna da magadan gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma'aikatan rediyo muna da namu kason. Muna karanta sanarwar haihuwa da ta suna kullum, kuma babu abin da zai hana kowace sanarwa ta ƙare da tambaya ɗaya ga masu jego: an kai jariri awo? Haka kuma za mu ci gaba da buɗe wa likitoci da unguwarzoman asibiti fili su yi bayani da harshen da kaka a ƙauye za ta gane, mu kuma riƙa tambayar magabatan gundumomin nan uku, da sunan masu saurare, ɗakunan haihuwa nawa ne suka samu na'urar da nawa suka rage.

Allah ya raya mana zuri'armu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.